Mai Zakara a Jakar Inna

Mijina likitan ido ne. Sunansa Lurwanu, amma a unguwarmu ta Ƙurban a nan Madina babba da yaro Dakta suke ce masa, ni ma haka. Mutum ne mai hankali a kan komai, ban da abu ɗaya: yana tara ƙwallayen gilashi.

Ba ya son a ce ƙwallaye. Wai madannin takarda ne sunansu, Faransawa ke yin su don a ɗora a kan wasiƙa kada iska ta kwashe ta. To ni dai shekara tara ina zaune da su a falo, ban taɓa ganin ya ɗora ɗaya a kan takarda ba. Takardun nasa kuwa da an kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, iska ta taso sai su watse, ni ce mai rarrafe ƙarƙashin kujeru ina tattaro su.

Ciwon ya kama shi a 1990, lokacin da asibitinsu ya tura shi taron likitoci a Paris. Na rubuta masa saƙona dalla-dalla, turare da jaka da takalmi lamba talatin da tara. Ya dawo ba turare ba jaka, sai wani dunƙulen gilashi mai girman lemon zaƙi, ya naɗe shi da singileti biyu. Cikinsa wasu mitsi-mitsin furanni ne cunkus, kamar an yayyanka alewa an zuba. Ya ce ana kiran irinsa fure dubu. Na ce takalmina fa? Ya ce in duba da kyau, an yi shi tun kafin a haifi kakan kakana. Na ce na duba, takalmina fa?

Daga nan aka shiga. Mujallu masu hotuna suka fara zuwa ta gidan waya, fakis yana kai yana kawowa tsakaninsa da wasu tsofaffin Turawa da ba su da aikin yi. Kafin 1999 sun kai ashirin da uku, an yi musu kabad na gilashi mai fitila da makulli. Akwai tsofaffi na kamfanin Bakara da na San Luwi, akwai sababbi da aka yi a zamaninmu, wani da koren ƙadangare kwance a ciki, wani da maciji a naɗe. Ba a goge su da tsumman duniya sai da wani ƙyalle na musamman, ni kuma an hana ni taɓawa tun ranar da na wanke ɗaya da omo.

Babbansu shi ne Mai Zakara. Na Bakara ne, akwai shekararsa rubuce a can ciki, 1848. In ka kanga ido a tsakanin furannin za ka ga wani baƙin zakara da bai fi ƙwayar shinkafa ba, da akuya, da doki. Shekara uku Dakta yana bin wani tsoho da wasiƙu kafin ya sakar masa shi. Duk ranar da ya dawo daga aiki rai a ɓace, sai ya buɗe kabad ya ɗauko shi ya zauna yana juyawa a hannu, bayan minti goma ya miƙe ya ce a kawo abinci. Na sha yi masa tsiya a kai, amma na san abin yana ransa da gaske.

A 1999 ɗin ne Inna, mahaifiyata, ta sauke farali. Bayan an gama aikin Hajji aka kawo ayarinsu Madina don kwana takwas na ziyara, muka je masaukinsu muka ɗauko ta zuwa gida.

Sai na yi bayanin yadda Dakta yake da Inna, don in ba haka ba za a ce ƙarya nake. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, bai taɓa kallon fuskarta ba. Mu mutanen Malumfashi ne, shi kuma ya ɗauki kunyar suruka ya ninka ta uku. In zai gaishe ta, a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ita kuma ta juya gefe ta ja mayafi ta ce, "Lafiya lau, Malam Likita." Mutumin da na sha ji a waya yana wanke manyan asibitinsu tas da Larabci, a gaban Inna kalma uku gare shi: na'am, to, haka ne.

Kwananta biyu, da hantsi, ya zo gaishe ta a falo kafin ya fita. An yi rashin sa'a ya bar fitilar kabad a kunne. Inna ta tashi ta je ta tsaya a gaban kabad ɗin, ta riƙe haɓa.

"Salame," ta ce da ni, don ita ba ta ce mini Salma, "waɗannan fa?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ta riga ni.

"Allah sarki. Kin ga yaro mai tunani ko? Tun ban taso daga gida ba ya san za a dame ni da tsaraba, ya tanada mini. Har da jera su don in zaɓa wa kowa nasa." Ta juya gefe, ta ɗan ɗaga murya yadda zai ji. "Malam Likita, duk na tsarabar ne?"

Na kalli Dakta. Yana durƙushe a bakin ƙofa, ƙeyarsa ta jiƙe da gumi. Na ga bakinsa ya motsa sau biyu.

"Haka ne, Inna."

Wallahi haka ya ce. Inna ta ɗaga hannu ta fara sa albarka, ta haɗa da iyayensa da kakanninsa, har da hawaye. Sannan ta ce a buɗe. Ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan darduma ya turo shi da yatsa, ni na ɗauka na miƙa mata.

A nan take ta fara rabo, tana ɗaukar kowanne tana jinjina shi a tafin hannu, don Inna shekara talatin tana awon gyada, hannunta sikeli ne. Mai farin fure na Liman. Mai shuɗi na unguwar zoma. Wannan na mai niƙa, don ba ya sa ta bin layi. Da ta zo kan ƙadangaren ta ɗan yamutsa fuska ta ce na uwar Habu ne, maƙwabciyarta da ta fasa mata turmi ba ta ce komai ba. Sai ta ɗauko Mai Zakara, ta kai shi kusa da ido, ta yi dariya.

"Ji ɗan zakara. Ai wannan na Ɗan'inna ne, shi na bar wa kiwon kajina. Da ma ƙofar akurkin nan kullum iska na buɗe ta, ga shi da nauyi, sai ya riƙa tokarewa da shi."

Daga bakin ƙofa na ji wani sauti kamar an taka kyanwa. Dakta ya ce, "To, Inna," ya ja da baya a durƙushe har ya fita, ya tafi asibiti da silifas ɗin banɗaki.

Da ya dawo da yamma ya ja ni ɗaki ya rufe ƙofa.

"Salma, ki rufa mini asiri ki yi mata magana."

"In ce me?"

"Ki ce kuskure aka yi."

"Wa ya yi kuskuren? Ni na ce haka ne?"

"Akurki, Salma. Shekara ɗari da hamsin yana duniya bai ko ƙwarzane ba, akurki za a kai shi."

Na ce, "Dakta, matar nan ta yi maka kuka. Ɗazu ta sa na kai ta gidan waya ta kira Malumfashi, matar Liman ta riga ta ji cewa akwai wani abu na Madina da ke tafe. Ni ce zan je in ce wa uwata ta kwashe albarkarta, kayan ba nata ba ne? Bakin da ya ce haka ne, shi zai ce ba haka ba ne."

Gaskiya akwai tausayinsa a raina, amma akwai mugunta ma 'yar kaɗan. Ban manta takalmina ba.

Inna ta ce a bar su a kabad har ranar tafiya, don tana son nuna wa baƙi. Kwana shida ke nan suka rage masa, ya kuwa shiga dabara.

Dabarar farko ita ce aike. Yana da amini, Abdulfattah, Bahaushen Sudan, tela ne a unguwar Harra ta Yamma, mutum mai zaƙin baki wanda ake kira sulhu in aure ya rikice. Dakta ya kwashe labari ya gaya masa, ya ce ya zo ya lallaɓa tsohuwa cikin hikima. Abdulfattah ya bugi ƙirji ya ce, "Halas, ya Dakta, ka ɗauka an gama."

Ya zo washegari cikin farar jallabiya da rawani. Na kawo shayi, Dakta ya laɓe a bayan labule. Abdulfattah ya gaida Inna da irin Hausarsu mai gauraye, ya yaba lafiyarta, ya yaba Hajjinta, ya fara karkato da zance wajen kabad. Sai Inna ta tambaye shi mutanen ina ne su. Ya ce kakansa daga Bebeji ya fito a ƙafa da niyyar Hajji, tafiya ta tsaya masa a Sudan, can ya mutu bai ga Makka ba bai koma gida ba. Inna ta saki salati, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe ɗan gida ne kai. Salame, buɗe kabad ɗin nan."

Ta ɗauko mai macijin ta damƙa masa a hannu ta rufe da nata. "Riƙe wannan, ɗana. Da na wani ne, amma kai ka fi shi cancanta."

Abdulfattah ya kalli macijin, ya kalli labule, ya ce, "Allah ya saka da alheri, ya Hajja." Ya zura shi a aljihu, ya shanye shayinsa.

A bakin mota Dakta ya cim masa, ni kuma ina leƙe ta taga. Na ji Abdulfattah yana cewa, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Dakta, tsohuwa ta ba ni da hawaye, ta ce mini ɗana. In mayar? Ba zan iya ba wallahi." Har yau macijin yana shagonsa a kan takardun awon kaya. A cikin su ashirin da ukun, shi kaɗai ne ya taɓa yin aikin da aka ƙera shi dominsa.

Dabara ta biyu ba ta kai yini ba. Ya ce in gaya wa Inna jirgi yana da ƙa'idar nauyi, gilashin nan zai sa a tsayar da kayanta a Jidda. Wannan na yarda na faɗa, tunda ba ƙarya ba ne. Inna ta ce ai ba damuwa, su goma sha ɗaya ne mata daga unguwarsu, kowace ta jefa biyu a jakar hannu, in an sauka Kano a haɗa. Ta ƙara da cewa Hajiya Khadijatu dai mantuwa gare ta, a Mina ma ta ɓatar da haƙoranta na roba, amma a ba ta ƙananan. Da na kai masa amsa ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya ce in koma in ce ya bincika, jirgin bana babba ne.

Ranar ta biyar na ga ya daina rama, har yana 'yar waƙa a banɗaki. Na san akwai wani abu. Inna takan tafi Harami tun kafin azahar ba ta dawowa sai bayan la'asar, ni ke raka ta. Ashe a tsakanin nan ya baro asibiti, ya shiga kasuwar bayan Harami inda ake sayar da tasbaha da agogo mai kiran salla, ya samo ƙwallayen gilashi irin masu arahar nan da ake sayarwa kwali-kwali, guda ashirin da biyu. Su ma da furanni a ciki, sai dai furannin kamar an tauna an tofar. Ya jera su a kabad, ya kwashe nasa ya ɓoye. Bai gaya mini ba, don ya ce na zama 'yar leƙen asirin Inna.

Da ya tambaye ni, da na gaya masa ba a ɓoye wa tsohuwar Bahaushiya abu a kicin. Shi kuwa a duk faɗin gidan nan bai ga wuri ba sai buhun shinkafa.

Washegari Inna ta ce ba za ta bar Madina ba sai ta tuƙa wa Malam Likita tuwon shinkafa da hannunta, saboda alherin da ya yi mata. Ina yanka kuɓewa ta zura kwano a buhu, na ji ƙwal. Ta zura hannu ta zaro ƙadangare. Ta sake zurawa ta zaro na Liman. Tana zarowa tana jerawa a kan tire har ashirin da biyu, kowanne da farar ƙurar shinkafa. Ta tafi falo ta tsaya gaban kabad, ta ɗauki ɗaya daga na ciki ta jinjina, ta jinjina na buhu a ɗaya hannun.

Na ce a raina yau asiri ya tonu, na fara neman inda zan sa fuskata.

"Salame," ta ce a hankali, "mijin nan naki ɗan aljanna ne."

"Na'am, Inna?"

"Ya ga na ba baƙon nan ɗaya, ya san hannuna a sake yake. Sai ya ɓoye masu nauyin don kada baƙi su ƙarar da su, ya ƙaro wasu marasa nauyi na bayarwa. Arba'in da huɗu ke nan. Da ma ina ta tunanin 'yan Islamiyyarmu."

Da yamma ya shigo da fara'arsa ya durƙusa a bakin ƙofa. Ko da kansa yana ƙasa, ya hango tiren a kan darduma, ga Mai Zakara a tsakiya da ƙwayar shinkafa manne a gindinsa. Inna ta sa masa albarka ta kusan rabin sa'a. Ya ci tuwon nan malmala uku, don ta ce sai ya cinye, yana ci yana kallon bango. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba, kuma sau biyu ina shiga kicin in toshe baki da mayafi don dariya.

Ranar tafiya ta zo. Motar ayarinsu za ta tashi zuwa Jidda da ƙarfe goma na safe, Dakta ne zai kai mu masaukin. Tun bayan karin kumallo Inna ta baje a falo da jakar Gana-mas-go, tana cusa dabino da dardumai da butocin ƙarfe da zoben azurfa. Marasa nauyin ta riga ta ƙulle su a zani ta tura ƙasa. Sannan ta jawo tire. Ba naɗi ba komai, ɗauka take tana jefawa a tsakanin butoci.

Dakta yana durƙushe a inda ya saba, makullin mota a hannu. Na Liman ya shiga, ƙwas. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na unguwar zoma ya bi, ƙwas. Ƙadangare ya bi. Kowane ƙwas sai ya runtse ido kamar shi ake jifa. Har aka zo kan na ƙarshe. Inna ta ɗauki Mai Zakara, ta hura masa iska, ta jefa. Ya daki gindin buta da wata ƙara da ni kaina sai da na ji ta a haƙori.

"Inna."

Ni da ita muka juya tare. Ba mu taɓa jin ya fara magana ba a gabanta.

"Inna, a yi mini afuwa," in ji shi. "Nawa ne."

"Me ya ce, Salame?"

Na ce, "Inna, ga shi ga ki."

Ya ce, "Masu nauyin, Inna. Ba tsaraba ba ne. Tara su nake yi, shekara tara ke nan. Daga Faransa nake sayo su ɗaya-ɗaya. Kunya ce ta sa na ce haka ne."

Na jira kuka, ko fushi, ko ta ce a kai ta masauki yanzu-yanzu. Inna ta zura hannu a jaka ta zaro na Liman ta riƙe shi nesa da jikinta.

"Daga ina ka ce?"

"Faransa, Inna."

"Ƙasar Turawa?"

"Na'am."

"Ba a Madina aka saye su ba?"

"A'a, Inna."

Ta yi salati ta dire shi a kan darduma. "Yanzu Malam Likita, da girmana da furfurata, ka bar ni kwana shida ina shirin kai wa Liman kayan Faransa in ce masa tsarabar Madina ce? Ya karɓa ya shafa a fuska? Ya ajiye kusa da littattafansa? In an tashi tambayata ranar gobe in ce me?" Ta fara zaro su tana direwa da sauri-sauri kamar masu zafi. "Marasa nauyin fa? Su ma na can ne?"

"Su a bayan Harami na saya."

"Da ƙafarka ka je? A cikin Madina?"

"A cikin Madina, Inna."

"To alhamdu lillahi. Su ne tsaraba. Kwashe tarkacenka."

Ga su nan ashirin da biyu a kan darduma, Mai Zakara ko ƙwarzane babu. Mutum mai hankali sai ya ce na gode ya kwashe ya yi shiru. Amma na gaya muku a kan abin nan Dakta ba shi da hankali. Kalmar tarkace ce ta tsaya masa a wuya. Sai na ga ya ɗago kai, ɗagowa sosai, ya dubi Inna ido cikin ido.

"Ba tarkace ba ne, Inna. Da hannu ake yin su. Kowane fure da kika gani, sandar gilashi ce aka narka aka ja ta ta yi tsawo, aka yanka, aka jera da ɗan hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan ya mutu tun kafin Turawa su zo Kano. Kuma in don Madina ne, ai sun shekara a Madina. Wannan shekararsa shida a garin nan, wancan tara."

Na taka masa ƙafa, bai ko ji ba.

Inna ba ta ja mayafi ba, ba ta juya gefe ba. Kallonsa take, kai a karkace.

"Ashe haka kake," ta ce. "Shekara goma sha huɗu ina gaisawa da tsakiyar hularka. Salame, ba ki taɓa gaya mini yana da wushirya ba."

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ya yi yunƙurin mayar da kai ƙasa, ta ce, "A'a, bar shi a nan, na riga na gani." Ta sake duban ƙwallayen. "Shekara tara a Madina, ka ce? To sun zama 'yan gari, ba a raina su ba. Ba zan kai wa kowa ba, kada in shiga bayani. Amma ka ba ni ɗaya nawa na kaina, in ajiye a ɗakina, in na duba in tuna ina da ɗa a nan mai baki. Kai za ka zaɓa."

Na yi ajiyar zuciya, don ga ƙadangare nan a kusa da gwiwarsa, sabo ne, shi da kansa ya sha cewa ana samun irinsa. Ya miƙa hannu. Hannun ya tsallake ƙadangare, ya tsallake na Liman, ya ɗauki Mai Zakara. Ya juya shi sau ɗaya kamar yadda yake yi in ya dawo daga aiki. Sannan ya matso a kan gwiwoyinsa ya sa mata a tafin hannu, ba ta hannuna ba, ba a kan darduma ba.

"Ba na akurki ba ne, Inna."

"Na ji."

"Akwai akuya ma a ciki, da doki. Sai an juya shi ta nan."

Ta juya, ta gani, ta yi dariya. Ta kwance bakin zaninta ta ƙulle shi a ciki. Ni kuwa na shige kicin, wannan karon ba don dariya ba. Haushinsa nake ji da ya ba da, kuma ban taɓa sonsa kamar lokacin ba.

A mota bai yi shiru ba. Tun daga Ƙurban har masauki yana yi mata bayanin yadda ake gane tsoho da sabo, da dalilin da ya sa na Faransa ya fi nauyi, da labarin tsohon da ya sayar masa. Inna tun tana cewa "ikon Allah" har ta koma "to", daga baya ta zungure ni ta raɗa mini, "Da ma haka yake da surutu?" Na ce ai ba ta ga komai ba.

Aka loda kaya, mata suka shiga, Inna ta samu wuri a jikin taga. Muka yi sallama, ta yi mana addu'a, direba ya tayar da mota. Har ta fara tafiya sai Dakta ya dafe kai, ya zura hannu a aljihu ya zaro ƙyallen nan na musamman. Ya kwasa da gudu. Babban likitan ido, da farar riga da tumbi, yana bin motar alhazai a gefen titi yana ɗaga ƙyalle, Larabawa masu shaguna suna leƙowa. Ya cim ma tagar ya cusa mata shi, yana haki yana ɗaga murya yadda duk motar ke ji:

"Da wannan ake gogewa, Inna. Ban da omo. Kuma kada a bar shi a rana, yana tara zafi, zai ƙona miki tabarma."

Inna ta leƙo da kai ta taga. "Malam Likita, koma gida haka nan, mutane na kallo."

"Kin ji na rana, Inna?"

"Na ji, ɗana. Koma."

Bai koma ba sai da motar ta sha kwana.